Gurbin da Na Hana a Rubuta

Birnin Kudu. Bayan asuba na fito, don tun Juma'a wayar Yaya Hansai, da ke wani ƙauye bayan Fagam, a kashe take. 'Yata Rukayya, mai karatun ƙirƙirarriyar basira, ta sa mini wata manhaja a waya. Manhajar ba ta ba da lamba, sai kibiya. Ka gaya mata abin da ka gani, ta nuna wane dalili ya ƙaru, wanne ya ragu. Dalilai uku muka sa: rashin sabis, ruwa ya yanke hanyar zuwa caji, rashin lafiya.

"Baba, saura ɗaya," in ji Rukayya.

"Kul. Kada ki yi mata mugun baki."

Yaran zamani, komai sai sun rubuta. Ta bar gurbin fayau.

Hanya. A shingen 'yan sanda wata mota daga Gwaram ta tsaya daura da tamu. Wani dattijo a ciki ya zuba mini ido, ya buɗe baki kamar zai yi magana, motarsu ta ja.

Gwaram. Na sha koko da ƙosai a tasha. Direban Fagam ya ce, "Sabis garau, Malam. Jiya ma na kira can." Kibiya ta farko ta yi ƙasa. Na tambayi hanya. "Ko yayyafi ba a yi ba." Ta biyu ta bi ta.

Fagam. Mai kyamis ɗin da Yaya ke sayen magani ya ce ba wanda aka aiko. Ta uku ta sauka. Da farko na yi murna, sai na lura dalilaina sun ƙare, wayarta kuma har yanzu shiru. Alamar tambaya ce kawai a allon, daidai gurbin nan. Tsoro ya kama ni a kan babur.

Ƙauye. Ba ƙarar daka, ba hayaƙin girki. Tabarmi ne a ƙofar gida.

"Ba ku haɗu da Malam Sale ba?" in ji liman. "Shi muka aika, lambarka na cikin wayarta da ke kashe. Ta hana a faɗi ciwon. An kai ta da hantsi." Sai na tuna dattijon nan na shingen 'yan sanda.

Gida. Bayan addu'ar uku na dawo. Na gode wa Allah, na gode wa maƙwabtan da suka yi mata sutura. Na miƙa wa Rukayya wayar.

"Rubuta shi," na ce.