Rigata Ta Je Masar

Ni aka fara yi wa albishir, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai har yau. Shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai, ina koyar da Arabiyya a wata makaranta a Ikara, sai labari ya zo cewa za a tura malamai ƙasar Masar ƙaro ilimi na wata uku. Kowa ya ce ai ni ne. Ban yi wata-wata ba na ba da ɗinkin babbar riga, saƙi mai nauyi, aka yi mata aska takwas, mabuga suka buge ta har tana ɗaukar ido. Da takarda ta fito, sai ga sunan ƙanena mai koyarwa a Kudan, wanda ni na koya masa babbaƙu da farfaru. Nawa kuwa ko sama ko ƙasa.

Na yi masa murna, amma a baki kawai. Da muka haɗu a gida Makarfi don sallama, Inna ta dube ni ta ce, "Ai sai ka ara wa ɗan'uwanka rigar nan, kada ya shiga cikin Larabawa kamar marar gata."

Wa zai ce wa Inna a'a? Na ɗauko na miƙa masa, na ce, "Tunda mai riga bai isa ya je ba, sai ka kai ta ta ga dalar Fir'auna." Baƙar magana na gasa masa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu ya ce, "To Yaya, in Allah ya yarda."

Ana tsakiyar marka ya tafi. Ba wanda ya kawo a ransa cewa akwai ƙasar da ba a ruwa a wannan lokacin, har Inna tana cewa rigar za ta tare masa sanyin damina. Ta kuma naɗe mazarƙwaila a takarda ta tura masa a aljihun rigar, wai in ya ji kewar gida ya ɓalla ya tsotsa.

Wata ukun nan na sha haushi. Duk wanda ya tare ni sai ya ce, "Malam, an ce ƙaninka zai ga dalar Masar!" Ni kuma in ce, "Dala? Wanda ya je Kano ya ga dalar gyaɗa, da me aka fi shi? Tasu ma ba a ci." Ana ta dariya, sai ranar da wani dattijo mai sayar da rake ya ce mini, "Malam, hassada ga mai rabo taki ce." Na bar sayen rake a wurinsa.

Ranar kasuwar Makarfi ƙanena ya sauko daga mota, ya yi baƙi ƙirin, ya rame, leɓɓansa duk sun tsage. Ana ta yi masa barka da zuwa, ni ko gajiyar hanya ban tambaye shi ba na ce a ba ni rigata. Da na warware, innalillahi! Wani tabo ja-ja ya taso daga aljihu har ƙasa, ya bi ta kan askar ya daskare. Na yi ta faɗa a gaban Inna da maƙwabta. Na ce an ƙwace mini tafiya, yanzu kuma an kashe mini riga. Ya sunkuyar da kai.

Washegari da hantsi ya same ni a zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye wani hoto a gabana. Sannan ya ba ni labari. Ya ce ranar da za a kai su ganin dala an gaya musu kowa ya sa tufa mara nauyi, domin ranar can ba irin tamu ba ce. Abokansa suka sa jallabiya shara-shara, shi ya zumbula rigata. Ya ce bazararmu wasa ce. Ba itace ko ɗaya, ba inuwa, rairayi yana ƙona ƙafa ta cikin takalmi, dutse ba ya taɓuwa, iska kamar daga bakin maƙera take fitowa. Ya tsaya a gaban babbar dalar yana jiran mai hoto ya gama da wasu Turawa, zufa ta jiƙe shi sharkaf, mazarƙwailar da ya manta da ita ta narke tana bin jikinsa, ƙudaje suka yanyame shi. Ana ɗaukar hoton ya ga duhu.

Ya farfaɗo a kwance a inuwar mota ana yayyafa masa ruwa. Sauran suka shiga cikin dala, suka ga zakin dutse mai kan mutum, suka hau raƙuma. Shi tayar mota ya wuni yana kallo, kuma ba a sake kai su ba.

Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Me ya hana ka tuɓe ta?"

Ya ce, "Ai kai ka ce in kai ta ta gani, Yaya."

Ba zan yi ƙarya da furfurata ba. Abin da ya fara zo mini sanyin rai ne, cewa ashe shi ma bai ga komai ba. Kunya daga baya ta zo, ta tarar haushin yana nan bai tashi ba.

Hoton yana bangon zaurena. Rana ta yi yawa a cikinsa, inuwar hula ta rufe fuskar baki ɗaya, ba a ganin komai sai dala da riga da askarta. Tabon bai fita ba, amma nakan sa ta a cikin gida, don haka baƙi sukan gane ta su ce, "Malam, ashe ka je Masar?" Yawanci nakan ce rigata ce ta je. Sau biyu dai na yi murmushi na bar baƙo ya tafi da zaton ni ne. A na biyun ƙanena yana zaune a gefe, ya ji komai. Bai dube ni ba, sai ya ɓara goro ya miƙa wa baƙon.