Ranar da Na Buɗe wa Kwamfutata Wuta

Kwamfutar shagona tsohuwa ce tukuf, irin mai akwatin nan da ake turawa ƙarƙashin tebur. In na kunna ta sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama farkawa ba. Hoton fasfo nake ɗauka a nan Birnin Gwari, kuma duk fuskar da na taɓa ɗauka tana cikinta, dubbai, ba suna, sai lamba. Laifina ne, ganda ce ta hana ni rubutawa.

Wata ranar kasuwa wata dattijuwa ta shigo. Mutuniyar Gwaska ce, ta dawo gari wajen ɗiyarta bayan da mutanen daji suka kashe mata miji suka ƙone gidan. Ta ce a nan ya taɓa ɗaukar hoto, kuma ba wani hotonsa da ya rage a duniya.

"Inna, wace shekara?"

"Shekarar da gero ya yi kyau, Malam."

To fa. Muka fara daga farko, ɗaya bayan ɗaya. Kowane hoto sai ya yi ta jan jiki kafin ya buɗe, goshi tukuna, sannan ido, sannan haɓa. Ita tana zaune tana duba kowace fuska, ni ƙafata na ta kaɗawa. Kasuwa uku muka yi a haka ba mu ci rabin rabi ba.

Abin ya hana ni sakat. Hanya biyu ce. Ko in kai ta Kaduna a canza mata ƙwaƙwalwa, abin da masu gyara ke kira firosesa, ko in shiga saitinta in tilasta wa tsohuwar ƙwaƙwalwar gudun da ya fi ƙarfinta, yadda na gani a waya. Hanyar Kaduna kuwa, wallahi tsoronta nake ji, ba zan ɓoye ba. In yanke shawara da safe, in warware da azahar. Abinci ma a tsaye nake cinsa.

Maƙwabcin shagona bakaniken babur ne, baki gare shi kamar reza.

"Malam, kai da tsohuwar kwamfutarka kun dace," in ji shi. "Buɗe mata wuta mana. In ta yi zafi ka lulluɓa mata jiƙaƙƙen buhu, haka ake wa injin niƙa."

Na zage shi tas. Washegari kuma na yi abin da ya ce.

Ranar kasuwa ta huɗu hotuna suka riƙa wucewa fit, fit, fit. Daɗi ya kama ni, na yi ta dannawa. Fankar ciki ta soma kuka, akwatin ya ɗauki zafi, na jiƙa buhu na rufe shi ruf, har ramukan da iska ke fita. Ni da na san abin da ramukan nan ke yi.

"Tsaya, Malam," in ji dattijuwar. "Shi ne."

Hannuna ya riga ya wuce shi da uku. Na koma baya, ɗaya, biyu, sai allon ya yi baƙi. Ƙauri ya cika shagon.

Na yaye buhun, na danna, na sake dannawa, na buga tebur. Kunya ta rufe ni, na kasa kallonta. Ita ce ma ta ba ni haƙuri.

"Ai na gan shi," ta ce. "Da hularsa ta Juma'a."

Hanyar da nake gudu dai ita na bi. Na rungume akwatin a cinya cikin mota, ina addu'a har Kaduna. Mai gyara ya ce ƙwaƙwalwar ta soye, amma ma'ajiyar hotunan lafiya lau. Ya sa mata wata ƙwaƙwalwar irin tsohuwar, don sabuwa ba ta shiga wannan akwati. Na dawo da ita da nawarta yadda take.

Dattijuwar ta riga ni zuwa shago ranar kasuwa. Na kunna, muka jira ta farka.

"To Malam, buɗe shi."

Sai a lokacin na tuna. Ina ta gudu ranar nan, ban dubi lambar ba, ban ma san wurin da muka kai ba. Na faɗa mata gaskiya. Ta gyara mayafi, ta jawo kujera kusa da allon.

"Koma inda muka tsaya da farko," ta ce. "A hankali."