Tudun Ƙasa a Gefen Gonar Baffa

A shekara ta biyu da gama jami'ata, ina zaune a ƙauyenmu da ke kan hanyar Jahun ina jiran aiki, karenmu ya mutu. Ja ne, mai yankakken kunne ɗaya. Don gadin awaki aka kawo shi, ko suna ba mu raɗa masa ba. Inna ba ta yarda ya shiga tsakar gida, amma duk ranar da na kai takardu Dutse na dawo babu labari, shi nake fara tararwa a bakin titi, inda ake sauke fasinja. Ba zan ce ni yake jira ba, wataƙila inuwar wurin yake so. Sai dai da zarar na sauko yake miƙewa.

Wata safiya ta bazara na same shi a bayan garke ya sandare. Babu ciwo a jikinsa, ina jin tsufa ne. Abin da aka saba a wurinmu shi ne a ɗaura wa mushe igiya a ƙafa, a ja shi zuwa kwarin bayan gari, a bar wa ungulu. Haka Inna ta ce in yi, har ta miƙo mini igiyar. Na karɓa na tsaya. Hanyar kwarin duk tsakuwa ce, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda kansa zai riƙa buguwa da ƙasa.

Sai na sa shi a buhu, na ɗora a baro, na tura zuwa gonar Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe mu tun rasuwar Baba. Na zaɓi gefen gona, kusa da hanyar da mata ke bi zuwa itace.

Na yi taka-tsantsan, ko kuwa haka na zata. Ban wanke shi ba, ban naɗe shi a ƙyalle ba, ban karanta komai ba, don ina tsoron kada in yi wa dabba abin da na mutum ne. Amma ni rami iri ɗaya na taɓa haƙawa a rayuwata, a maƙabarta, tare da samarin gari. Hannuna bai san wani ba. Na haƙa shi kudu da arewa ban lura ba. Da na rufe, na tara ƙasar da ta rage a kai, na daddaɓe ta da bayan shebur, na yanko ƙaya na lulluɓe don kada karnuka su tone.

Kusan mako uku ina zuwa wurin bayan la'asar. Ba na yin komai, zama kawai. A lokacin shi ne kaɗai wurin da ba a tambayata yaushe zan fara aiki.

Ran nan ina alwala a ƙofar gida Baffa ya tsaya a kaina.

"Kai, ɗan boko. Wa ka binne mini a gona?"

"Baffa, karen nan ne."

"Ni na san kare ne. Masu zuwa itace fa? Shekaranjiya wata tsohuwa ta sauke kayanta ta ɗaga hannu tana nema masa rahama. Ɗazu kuma wata ta tare ni da gaisuwa, wai wallahi ba ta ji mun yi rashin yaro ba." Ya yi dariya har da tari, sannan fuskarsa ta canza. "Addu'ar mutane ba abin wasa ba ce. Yau ɗin nan ka baje shi."

"To, Baffa. Amma da za a bar ni in sa dutse, ko ƙarami ne, don in riƙa gane wurin."

"Dutse? Baɗi war haka a ce waliyyi ne a kwance, a fara kawo mini ziyara cikin gero. Baje shi, ɗana."

Ban yi musu ba, don gaskiyarsa ce, kuma tunanin tsohuwar nan da hannuwanta a sama ya hana ni sukuni. Na kwashe ƙayar na ƙone, na baje ƙasar da fartanya har ta yi daidai da sauran gona. Da ruwa ya sauka Baffa ya shigo da shanu aka yi huɗa.

Ina cikin sauri ranar da na baje wurin, ina so in gama kafin wata ta wuto ta gan ni, ban auna taku nawa ne daga hanya ba, ko daga bishiyar kanyar da ke gonar. Ban taɓa zaton zan manta ba.

Yanzu ina aiki a Dutse, ina haya a Yalwawa. In na je gida nakan bi gefen gonar. Akwai wani wuri da nake tsayawa, inda nake jin kamar nan ne, amma ban tabbata ba. Mai yiwuwa ya fi haka gaba da taku goma. Wani lokaci sai in tsaya a nan kaɗan, in matsa can in ƙara tsayawa, kafin in wuce.