Kilishin Gwaggo da Karen Gadi

Shekarun baya kaɗan, lokacin ban wuce sha uku ba, saura ƙiris in ɓata wa mahaifina karatun da ya kwashe shekaru yana yi, kuma da kilishi na kusa yin wannan aika-aika. Abokaina na makaranta a unguwar Gorton wani labarin daban suka sani, wanda a cikinsa na yi ido huɗu da polar bear, ƙaton farin naman dajin nan na yankin ƙanƙara mai iya cin mutum, har ya sunkuyar da kai. Yau dai ga na gaskiya.

A lokacin Abba yana PhD ne a uni, wato jami'a, a nan Manchester, a kan yadda ƙanƙara ke narkewa. Mutumin da aka haifa a Kano, inda ƙanƙara sai a firji. Mahaifiyata takan ce in ruwan sanyi yake so, ai da ya faɗa mata tun farko. A shekararsa ta ƙarshe aka tura shi wani ɗan ƙauye can ƙuryar arewacin duniya, a yankin Arctic, ya ɗebo ragowar samfurin da zai kammala aikin da shi. Tafiyar ta faɗo cikin dogon hutu, ni kuwa na dame shi da naci har ya samo izinin tafiya da ni, bisa sharaɗin zan zauna kamar ba na wurin.

Kafin mu tashi muka je Birmingham yi wa gwaggona sallama a unguwar Small Heath. Gwaggo a oven take yin kilishi, irin wanda in ta buɗe tagar kicin har direban bas yakan rage gudu. Da za mu fito ta ja ni gefe, ta cusa mini wani ƙunshi a jaka. Ta ce ta ji can ba su san halal ba, kada ɗan ƙaninta ya dawo kamar tsinken tsire. Ta kuma ja kunnena kada in nuna wa ubana, don shi kilishi ba ya kwana a gabansa.

Ƙauyen ya ba ni mamaki. Gidajen a kan ƙafafu suke, kowanne da launinsa kamar alewa, kuma babu bishiya ko ɗaya. Wasu gajerun bareyi suna yawo a bakin titi ba mai kula su, kamar awakin unguwar kakata. Duk inda ka shiga sai ka cire takalmi a ƙofa, har ɗakin karatu, shi ya sa Abba ya ce gari ne da kowane gini ya koyi ladabin masallaci. Rana kuwa ba ta faɗuwa sam a wannan lokacin. Da agogo muke salla, kamar yadda limaminmu ya gaya wa Abba, har na yi Isha'i rana na dukan ƙeyata. A ƙarshen gari akwai allo mai hoton polar bear, farar dabbar nan da ni da Abba muke kira farin dodo. Ba mai wuce allon sai da bindiga, ko da mai bindiga.

Tamu mai bindigar wata dattijuwa ce 'yar garin, mai tsadar magana. Ita ta raka mu a ƙaramin jirgin ruwa zuwa gindin dutsen ƙanƙarar da Abba zai yi aiki, jirgin ya sauke mu ya koma. Tana tare da wani ƙaton kare mai gashi kamar bargo. Aikinsa gadi ne: a ɗaure shi a gefen sansani, hancinsa ya jiyo dodo kafin ido ya gan shi. Tun a jirgi karen yake zuba mini ido. Ni da Umma ta yi wa gargaɗin kada in bari kare ya lashe ni, sai matsawa nake, amma a raina ina cewa farin jini ne, har karnukan ƙarshen duniya sun san da ni.

Da aka kafa tantuna dattijuwar ta kawo wani akwatin ƙarfe, ta ce duk abin ci a zuba a ciki, za a ajiye shi nesa da inda muke kwana. Ta bi kowa ɗaya bayan ɗaya. Abba ya miƙa har dabinon aljihunsa. Da ta zo kaina na ce babu komai. A lissafina kilishin Gwaggo ba abinci ba ne, amana ce. Na tura shi can ƙasan jakar barcina.

Washegari, bisa faɗar agogo, kukan kare ya tashe mu. Yana jan igiya, yana tono ƙasa, hancinsa na kallon gangaren da ke bayan tantina. Dattijuwar ta ɗauki madubin hangen nesa ta daɗe tana duba gangaren. Ba ta ga komai ba, amma ta ce ita ba ta musu da wannan karen. Ba mai hawa ƙanƙara. In muka gama shayi karen bai kwanta ba, za ta kira jirgi a tattara. Na riga na san abin da hakan ke nufi, don na ji Abba yana gaya wa Umma: ba wata tafiya bayan wannan, kuma tallafin karatunsa a shekarar zai ƙare.

Abba bai yi gardama ba. Ya zauna a kan akwatin kayan aikinsa, kofin shayi na hucewa a gefensa, ya ciro carbi. Ya ce, "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri."

Da faɗa ya yi, da na iya ci gaba da yin shiru. Na dubi karen, na dubi tantina, na dubi gangaren, na ga duk a layi ɗaya suke. Na shiga tanti na fito da ƙunshin, na tsaya gabansa.

Na ce, "Abba, ina ga ni ne dodon."

Dattijuwar ta karɓa. Ta zagaya da shi ɗaya gefen sansanin, kan karen na bin ta kamar fanka. Ta jefa ƙunshin a akwatin ƙarfe ta rufe, karen ya yi hamma ya kwanta. Sannan ta dawo ta dube ni, ta ce hancin dodon da muke gudu ya fi na karenta nesa ba kusa ba, kuma ni na kwana da wannan abu a ƙafafuna.

Abba ya dube ni. "Gwaggonka ce ko?"

"Ita ce."

"Kuma ta ce kada ka nuna mini."

Na gyaɗa kai. Ya ce za mu yi magana a Manchester, wanda a gidanmu ya fi bulala ciwo. Dattijuwar ta ƙara jira, ta sake duba gangaren, sannan ta ce a hau ƙanƙarar. Ni aka ɗora wa jakar da ta fi kowace nauyi, ina jin har da duwatsu aka ƙara a ciki.

Ban dawo waliyyi ba, ku tambayi malamaina. Amma tun daga lokacin, in mutanen wuri suka kafa wata doka da ta yi mini kama da wasa, nakan bi tukuna, in yi tambaya daga baya. Har yau in na ji ƙamshin kilishi a kicin ɗin Gwaggo, Abba nake gani zaune a kan akwati, yana shirin haƙura da shekarunsa ba tare da ya ɗaga murya ba.

Ya ɗebi samfurinsa a ranar, ya kuma gama karatun. Polar bear ɗaya na gani a duk tafiyar, wanda aka cusa wa tsumma aka tsayar a filin jirgi. Kilishin kuwa a jirgin ruwan dawowa Abba da dattijuwar suka cinye shi, tana ci tana share hawayen yaji. Ta wanke ɗan yanki da ruwa ta ba karen. Ni ko ɗanɗano ban samu ba.