Ajiyar Guntuwa

Mai Dashe mutum ne da ba ya yar da komai. Tsohuwar waya, guntun tiyo, ƙusar da ta lanƙwashe, kowanne yana da gwangwaninsa a rumfar kwano da ke ƙarshen lambunsa. Tun yana saurayi yake rainon itatuwa a bakin titi. Sai ya cika baƙaƙen ledoji da ƙasa da taki, ya shuka ƙwallon mangwaro ko 'ya'yan lemo, in sun tasa ya yanko reshen itace mai daɗin 'ya'ya ya aura musu, ya ɗaure, ya yi ta ban ruwa har mai saye ya zo. A kan wannan aiki gashinsa ya yi fari, gwiwarsa ta hagu kuma ta daɗe da daina yi masa biyayya. Da mutane ba shi da yawan magana. Amma ka tsaya a bayan shinge, za ka ji shi yana yi wa gwaiba faɗa don ta ƙi yin toho.

Saboda haka da Allah ya haɗa shi da karya mai irin halinsa, ba wanda ya yi mamaki sai shi kaɗai.

A bayan tankin ruwa ya tsince ta, wata damina, haƙarƙari a waje, wutsiya guntuwa, ga wata waya da wani marar imani ya ɗaura mata ta nutse cikin naman wuyanta. Ya sa filaya ya datse wayar, ya jefa mata sauran abincinsa, ya ce ta kama gabanta. Ba ta kama ba. Shekaru suka yi ta wucewa tana nan, ana kiranta Guntuwa, shi kuwa kullum maganarsa ɗaya ce: "Ba tawa ba ce, ta lambun ce." Bai taɓa shafa kanta ba. Amma bai taɓa cin abinci ya manta da ita ba.

Yunwar da ta sha tana ƙarama ba ta fita daga kanta ba. Abin da ba shi da daɗi, nan take take lashewa. Amma ta samu ƙashi ko tsoka, sai ta ɗauka ta yi ta zagaye da shi kamar mai neman gidan haya, tana waiwaye. In ta ga ido a kanta, ta kwanta ta ɗora hannu a kai, ta yi kamar barci take. Sai an kau da kai za ta tona, ta binne, ta tura ƙasa da hanci. Kuma ba abinci kaɗai ba. Akwai matar da ta sayi fure, ta je gida za ta sauya masa tukunya ta tarar da takalmin jariri a ciki.

A bakin ƙofar lambun akwai ɗan shago na ƙanensa, inda ake sayar da iri da takin zamani. Ƙanen ya yi furfura, yana da jikoki, amma har gobe Auta ake ce masa, kuma har gobe sai ya aikata abu yake tunaninsa.

Ranar da abin ya faru, Mai Dashe yana tsugune da hantsi yana ɗaure auren wani lemo, sai ga Auta a kansa a firgice.

"Yaya, ina Guntuwa?"

"Tun yaushe ka fara gaishe ta?"

"Yaya, ba wasa nake ba. Ɓeraye sun addabi buhunan iri. Jiya na sayo tsoka, na tsaga ta na cusa maganin ɓera a ciki, na ajiye a bayan buhuna. Da safe na buɗe shago na ga ba su taɓa ba. Na je shan shayi na bar ƙofar a buɗe." Ya nuna shagon da hannu. "Na dawo babu tsokar. Ga sawun ƙafar kare a kan garin taki."

Wuƙar yankan reshe ta suɓuce daga hannun Mai Dashe. Ya miƙe yana ƙwala wa Guntuwa kira. Can sai ga ta ta fito daga tsakanin layin ledoji tana kaɗa ɗan guntun abin nata. Ya ƙura mata ido. Ba ta layi, ba ta kumfa. Hancinta ne dai ya yi dumu-dumu da baƙar ƙasa mai laima.

"Ba ta ci ba," in ji shi. "Ta binne."

"Alhamdu lillahi!"

"Kana godiya a kan me? Ai ba don ni ta ajiye ba. Da yunwa ta taɓa ta za ta je ta tono."

Suka lallaɓa ta da ɓawon burodi ta shiga rumfar kwano, suka ja ƙofa. Tana jin ƙarar sakata ta haukace. Ta yi ta kartar kwano tana wani irin kuka mai shiga kai, gwangwanayen ƙusa suna zubowa. Tun ranar da aka cire mata waya ba ta ƙara yarda da igiya ko rufaffiyar ƙofa ba, kuma ba wanda ya san haka kamar shi. Kowane kuka sai ya ji shi a ƙirjinsa.

Suka hau tono. Mai Dashe yana taƙama ya san maɓoyanta: ƙarƙashin tanki, gindin tulin taki, cikin tsohuwar tayar mota. Suka tono ƙasusuwa da suka yi kore, da ƙwallon roba, da safar hannunsa da ya daɗe yana zargin Auta a kanta. Tsoka kuwa babu. Ya juya ya dubi lambun. Ledoji ne jere layi-layi har shinge, kowacce cike da baƙar ƙasa mai laima, shi da kansa ya ba su ruwa da sassafe. Duk inda ya duba, irin ƙasar da ke hancinta ce.

Ya fara cusa yatsa cikin ledoji ɗaya bayan ɗaya. Inda ya ga ƙasa ta ɗan tashi, sai ya kife ledar gaba ɗaya. Mangwaron da ya yi wata da watanni yana raino, auren bai gama kamawa ba, ya riƙa zazzage su a ƙasa, saiwoyi a waje cikin rana. Auta ya riƙe masa hannu.

"Yaya, aikin shekara kake kashewa a kan kare."

"Sakar mini hannu."

"To mu kai ta wani wuri mai nisa mana, ko mu ɗaure ta."

"Ka ɗaure ta har yaushe? Nisa kuma, ai kafin ka dawo gida ta riga ka."

Rana ta take, ta fara karkata. Sun kife abin da suka kife, ko kashi ɗaya cikin goma ba su taɓa ba. Kukan da ke cikin rumfa ya koma gurnani, muryarta ta dishe. Mai Dashe ya zauna a bakin baro, hannuwa duk taɓo, yana kallon ƙofar rumfar.

"Ita kaɗai ta san wurin," ya ce a hankali. "Ita za ta nuna mini."

"Ka sake ta? Ai kafin ka isa ta haɗiye!"

"Shiga shago ka rufe. Kada in ga ko hularka. In ta ga mutum biyu ba za ta je ba."

Ya san abin da yake shirin yi. Tun safe ba ta ci komai ba sai ɓawon burodi, kai tsaye wurin ajiyarta za ta nufa. In ya matsa kusa, ba za ta tona ba. In ya tsaya nesa, za ta riga shi. Ga gwiwar da ko gudun ruwan sama ba ta yi masa. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda ya daɗe bai ji ba.

Ya ja tiyo zuwa tsakiyar lambun, ya kunna famfo, sannan ya je ya zare sakata ya dawo ba tare da ya kalle ta ba. Ta fito a guje, ta zagaya, ta tsaya tana haki. Ya juya mata baya yana ban ruwa, yana yi wa wata gwaiba mita kamar yadda ya saba. Da wutsiyar ido yake binta.

Ta sha ruwa a kwatami. Ta je ƙarƙashin tanki ta shinshina ramin da suka tona, ta ɗago ta dube shi. Ta je tulin taki, nan ma an kwashe. Ta sake dubansa, ta daɗe. Sai ta kwanta.

Ruwa ya cika ledar da ke gabansa ya malala a kan ƙafarsa, bai motsa ba. Wani mai saye ya yi sallama daga bakin ƙofa, ya sake yi, ya gaji ya tafi.

Can ta tashi. Ta bi gefen shinge sannu a hankali, ta wuce layin lemo, ta wuce layin fure. Duk takun da ta yi, shi ma sai ya ja ƙafa baya-baya, tiyo a hannu. Ta tsaya a gindin wata babbar tukunyar siminti da ke can lungu, wadda ya dasa wa ɗan dabino. Ta waiwaya. Ya sunkuyar da kai. Sai ya ji ƙarar farce a kan ƙasa.

Ya yar da tiyo ya zabura. Taku kaɗan santsi ya kwashe shi, gwiwar ta bugi bulo, wuta ta tashi masa har ƙugu. Da ya ɗago, tsokar tana bakinta, baƙa ƙirin da ƙasa. Ta gan shi yana rarrafowa, ta ja da baya ta shige tsakanin tukunyar da shinge. Babu mafita ta can. Ta sa kunnuwa baya, maƙogwaronta yana motsi. Kare in an matsa masa haɗiyewa yake yi, ya sani.

Ya tsaya cak a kan gwiwoyinsa.

"Guntuwa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Haba 'yar nan. Ni ne fa."

Gurnanin ya ɗan sassauta. Ta san muryar da ke kiranta cin abinci. Ta ɗan saki wuya, a daidai nan ya kai hannu ya damƙe ta, a kan tsohon tabon, ya tura ɗaya hannun cikin bakinta.

Haƙoran suka shige masa har ƙashi. Bai saki ba. Ya lalubo tsokar a can bayan harshe, ya finciko ta tare da fatar yatsunsa, ya yi jifa da ita ta kan shinge zuwa ƙofar shago yana ihu: "Auta! Ɗauke! Kawo tiyo!"

Suka danne ta su biyu suka wanke mata baki, tana shure-shure tana kuka kamar ana yanka ta. Auta ya juya tsokar da tsinke. Ramukan haƙori ne kawai, tsagar tana nan a rufe. Suna sakinta ta bi ta wata kafa a shinge ta ɓace cikin kangon da ke maƙwabtaka.

A asibiti aka ɗinke masa yatsu biyu, aka yi masa allurai. Auta yana zaune gefe, kunya ta hana shi shiru.

"Amma dai dabba dabba ce, Yaya. Ka cece ta, ta saka maka da cizo."

"Ita ba ta san na cece ta ba," in ji Mai Dashe. "Abin da ta sani, na rufe ta, na kwashe mata ajiya, na kira ta da murya mai daɗi na shaƙe ta na ƙwace na bakinta. Da kai ne, za ka bar ni?"

Guntuwa ba ta mutu ba, ko amai ba ta yi ba. Tana nan tana gadin lambun, tana yi wa baƙi haushi. Amma ba ta ƙara binne komai a cikinsa ba. Abin da ta samu, kango take kaiwa. In Auta ya wuce, wanda ya jawo komai, har kaɗa masa wutsiya take yi. In Mai Dashe ne ya kira sunanta, sai ta tashi ta koma bayan tanki.

Ya ce wa kowa ba komai, ai dama ba tasa ba ce. Ƙarya yake yi, abin yana cinsa fiye da yatsun. Da ciwon ya warke ya koma ɗaure auren lemo da hannun da ba ya lanƙwashewa sosai, yana jin ta tana numfashi a can bayan tanki, ya bar kiranta don kada ta tashi.