Ranar da Goggo Ta Warware Direba

Goggona, yayar mahaifina, shekara talatin da ɗaya ta yi tana guga da ninke zannuwan gado a wani asibiti. Ɗakin gugar a ƙasan bene yake, tagarsa ɗaya, ita ma ƙafafun masu wucewa kawai ake hangowa ta cikinta. Tebur uku ne a ciki, da dutsen guga biyar, da tururin da ba ya fita rani da damina. Ta shiga aikin da goyo a bayanta, ta fito da furfura da yatsu masu ƙulli a kowace gaɓa. Ba ta taɓa cewa tana son aikin ba, ba ta kuma taɓa makara ba.

Sabbin zannuwa a ƙunshe suke zuwa cikin wata takarda ruwan ƙasa, mai kauri kaɗan, wadda ake tattarawa a zubar. Wata rana a lokacin hutu wata nas ta yagi guntunta ta ninka wa Goggo kwaɗo mai tsalle. Goggo ta koya a zama ɗaya, ta yi kwana uku tana ninka kwaɗi, sannan abin ya gundure ta. Ta ce kwaɗon wani ne, ita aron hannu kawai take ba shi. Daga nan ta fara ƙirƙiro nata. Sauran mata in an tashi hutu sai su miƙe a kan ƙullin wanki su hutar da bayansu, ita kuwa ta ja kujera bakin tebur ta yi ta fama da takarda. Ta ninka dutsen guga har da mariƙinsa. Ta ninka kyanwa tana miƙa. Ta ninka shugaban ɗakin guga da tumbinsa a gaba, aka yi ta dariya ana ɓoyewa a aljihu, har ranar da shi kansa ya gani ya roƙa a ba shi.

Dokarta ɗaya ce: takarda guda, kusurwa huɗu, in an yanke ta an gama da almakashi, gam kuwa ko sunansa ba ta son ji. Da 'yarta ta nuna mata a waya cewa abin nan sunansa origami, har littattafai ake bugawa a kansa, sai ta leƙa sau ɗaya ta ce, "Sannunsu da ƙoƙari," ta mayar da wayar. Wai ba ta so ninkin wasu ya shige mata hannu ta kasa fitar da shi.

Mijinta direban bas ne, kuma Direba kowa ke kiransa, har 'ya'yansa in ba ya kusa. Mutum ne mara yawan magana. In ya sauke aikin safe yakan dawo gida da rana, ya zauna a kujerar roba bakin ƙofar ɗaki, kafin a kawo masa ruwa ya fara gyangyaɗi. Kansa ya karkata hagu, haɓarsa ta kusa taɓa kafaɗa amma ba ta taɓa ba, hannu ɗaya a kan gwiwa. Haka muka taso muna ganinsa. Ya rasu Goggo saura shekara ɗaya ta bar aiki.

Wata huɗu bayan rasuwar ta dawo daga asibiti da wani ɗan mutum na takarda, tsayinsa bai wuce tafin hannu ba. Ta ce ita mai jiran layin ganin likita ta yi niyyar ninkawa, sai ga abin da ya fito. Ta zaunar da shi a kan kwalin ashana. Mahaifina yana gidan ranar, ya duba sau ɗaya, ya yi salati, ya tashi ya fita waje. Babu fuska a jikin takardar, ba ido ba hanci, amma wuyan nan na Direba ne, ba na kowa ba. Aka sa shi a kabad mai gilashi tsakanin farantan da ba a cin abinci da su.

To a nan wahala ta fara, tata da tawa. Goggo ba ta san yadda ta yi shi ba. Ba ta rubuta komai ba, dama ba ta saba rubutawa ba, hannunta ne littafinta, kuma a wannan karon hannun ya ƙi tunawa. Shekara shida ta yi tana neman wuyan nan.

Ni nake zaune da ita tun da 'ya'yanta suka watsu garuruwa. Aikina a kantin magani ne, tsayuwar awa tara, in dawo ƙafafu a kumbure in tarar da ita da rula da fensir tana jirana, don yatsunta sun daina riƙe almakashi. In auna, in yanka, ta haɗa kusurwa da kusurwa, in ta ga ko gashi ɗaya ya fita ta ce in sake. Na yanka mata takardun da ban san iyakarsu ba. Kwali biyu muka cika da mutanen da ba mu sani ba. Akwai wanda ya fito kamar mai ciwon haƙori, akwai mai sauraron gulma ta jikin bango, akwai wanda wuyansa ya karye kawai. Gaskiya na gaji. Na gaji da ƙarar takarda, na gaji da guntaye a cikin shara, na gaji da tsakin da take ja duk lokacin da ta kai wuya. Sau da yawa na so in ce mata ai kina da ɗaya, me za ki yi da biyu, sai in haɗiye.

Ranar da muka dawo daga ganin likitan ƙashi ne ta yanke shawara. Ya duba hannuwan, ya juya su, ya ce ciwon gaɓɓai ne da ya daɗe yana cinta, magani zai rage zafi amma yatsun ba za su koma da ba, sai ma abin da ya ƙaru. Muka shiga gida. Ta tsaya gaban kabad ko mayafi ba ta cire ba.

"Ranar Asabar ba kya aiki ko?"

"Ba na yi, Goggo."

"Ki samo littafi sabo. Zan warware shi."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta yi mini bayani kamar tana gaya mini farashin sabulu: kowane ninki yana barin kari a jikin takarda, kamar karin guga a hannun riga. In aka buɗe shi a hankali, ni ina zana kowane mataki, za ta karanta abin da hannunta ya yi, sannan ta mayar da shi.

"In kuma bai mayu ba fa?" na ce. "Takardar nan shekararta shida. Hannunki kuma kin ji abin da likita ya ce."

"Shi ya sa na ce Asabar, ban ce baɗi ba."

Raina ya ɓaci, na faɗi abin da ke bakina. Na ce mutumin nan ko hoton kirki bai bari ba, sai na lasin tuƙi da ya zazzaro ido kamar an kama shi da laifi. Na ce wannan 'yar takarda ita ce jikokinsa ke tsayawa su kalla in sun zo. Na kira 'yarta a waya, ita ma ta yi kuka ta yi roƙo. Goggo ta saurare mu tas, sannan ta ce, "Ku kuna ganin babanku. Ni kuwa duk safiya in na duba, abin da nake gani shi ne abu mafi kyau da na taɓa yi, kuma ban san yadda na yi shi ba. Abin da ban san yadda na yi shi ba ai ba nawa ba ne, tsintuwa ce. Ba zan yarda hannuna ya mutu a kan tsintuwa ba."

Na sayo littafin. Me zan yi? Goggo in ta kafe, sai dai ka gaji ka bi.

Asabar da hantsi muka share tebur, ta wanke hannu ta goge sau biyu. Ta ɗauko shi daga kan kwalin ashana, ta riƙe shi ɗan lokaci, sannan ta zura tsinken sakace ƙarƙashin hannun da ke kan gwiwa ta ɗaga. Na zana, na rubuta ɗaya. Hannu ya buɗe ya zama harshen takarda. Ƙafafu suka bi. Da ta zo wuya na kawar da kaina, sai da ta ce, "Ke 'yar nan, zane na ɗauko ki yi ko kallon bango?" Ta buɗe shi a hankali, tana numfashi ta baki. Ba ni da baiwar zane, amma na yi iya yina, kibiya nan, ɗigo can. Muka kai mataki hamsin da takwas rana ta take tsaka, bayana kamar zai rabe biyu. A kan tebur babu Direba, sai wata takarda ruwan ƙasa da layuka sun sassaƙe ta ko'ina.

Goggo ta bi layukan da farce, ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe. Na ga fuskarta tana sauka, don babu wani karin da ba ta sani ba, duk ta yi su sau ɗari a cikin mutanen kwali. Sai ta yi abin da hannunta ya saba yi wa kowane zanen gado: ta kama kusurwa ta kai wa 'yar'uwarta. Ba su haɗu ba. Gefe ɗaya ya fi ɗaya da kusan faɗin yatsa.

Ta sake gwadawa ta ɗaya ɓangaren. Sannan ta jingina da kujera ta rufe ido.

"Almakashin yana wajen shugaba ranar," ta ce. "A bakin tebur na yage ta."

Wannan rarar da ba ta da wurin zuwa ita ce ta taru a wuya ta karkatar da kan. Shekara shida ina aunawa da rula ana mayar da ni a kan gashi ɗaya, ashe karkatacciyar takarda ake nema. Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, irin wadda ba daɗi a cikinta. Ita ma ta ɗan yi, ta ce, "Rubuta. Gefen hagu ya fi da yatsa ɗaya." Na rubuta da manyan baƙaƙe.

Ko abinci ba ta yarda mun ci ba, ta fara mayarwa. Ina karanto matakan daga ƙarshe zuwa farko, tana bi. Inda yatsa ya ƙi, ta danna da gaɓa, inda gaɓa ta ƙi, ta sa bayan cokali. Jiki ya tashi, ƙafafu suka lanƙwashe, hannu ya koma kan gwiwa. Zufa tana ɗiga daga haɓarta, ina share mata don kada ta taɓa takardar. Saura wuya. Shi kuwa babu cokalin da zai yi shi, sai an tsunkule da babban yatsa da manuni, a murɗa kaɗan a lokaci guda.

Ta kai yatsun. Suka tsaya a buɗe, suna rawa, saura ƙiris su haɗu. Ta sauke, ta murza su a cinya, ta sake. A karo na uku na ji ta yi wani ɗan nishi, na ga wurin ya fara laushi kamar tsohon ƙyalle. Ita ma ta gani. In ta ƙara sau ɗaya zai yage.

Ta turo mini shi ta kan tebur.

"Ƙarasa."

"Goggo, ni ban taɓa..."

"Shekara shida kina kallo. Tsunkule nan, ki murɗa hagu. Kada ki ji tsoronsa."

Na ji tsoronsa. Na tsunkule, na murɗa, na saki. Kan ya karkata hagu ya tsaya, takardar ba ta yage ba. Na zaunar da shi a kan kwalin ashana. Wallahi ni dai Direba na gani, daga baya ma da mahaifina ya zo bai lura an taɓa shi ba. Na juyo ina murna zan ce mata mun yi nasara, ga shi ga kuma littafi.

Goggo ta sunkuyo har hancinta ya kusa taɓa shi. Ta duba ta dama, ta duba ta hagu.

"Ya yi kyau, 'yar nan. Sannu da aiki." Ta ɗago kai. "Sai dai wannan barci yake. Nawa gyangyaɗi yake yi, in na yi magana yana jina."

Ta dafa tebur ta miƙe da ƙyar, ta ce in mayar da shi kabad in rufe gilashin, ita za ta ɗan kwanta.