Carar Ƙetaren Rafi

A bakin gonar Doña Genoveva, can bayan garin Moca, akwai ɗan kwatamin siminti cike da ruwan magani, kuma ba mai shiga wajen kajinta bai tsoma ƙafa a ciki ba. Limamin coci ya tsoma. Likitan dabbobi ma sai ta sa shi ya maimaita. Idan baƙo ya gaishe ta, takalminsa take fara kallo kafin fuskarsa.

A da ƙofarta a buɗe take, tukunyar kofi kullum a wuta. Sai shekarar annoba ta zo, kaji suka riƙa karkata wuya suna zubewa kamar fure bayan ruwan sama, aka haƙa musu rami bayan gonar ayaba. Ba wanda ya ce ga ta inda cutar ta shigo. Amma mijinta Evaristo yana da jan zakaran faɗa da yake rungumewa zuwa dandalin faɗan zakaru duk Lahadi, ya dawo ya shiga akurki bai canza riga ba. Da suka sake zuba 'yan tsaki, ta ce ya zaɓa, ko zakaran ko gonar. Ya fita da shi, ya dawo hannu wofi, ya ce ya sayar wa wani mutumin Santiago.

Ta yarda, har kaji suka fara ƙwai. Sannan ta lura da wani abu. Da asuba zakarun kwarin nan kaf sukan yi cara, Evaristo yana ta minshari. Amma da zarar wata disasshiyar murya ta taso daga ƙetaren rafi, wajen gidan amininsa Fulgencio, sai ya buɗe ido yana murmushi. Ga shi duk Lahadi sai ya je dubiyar ƙafar Fulgencio, ƙafar da ta ƙi warkewa. Ta sami ƙwayar masara a aljihunsa. Ta shinshina rigarsa, ƙasan hammatar hagu yana warin barasar rake da ake fesa wa zakarun faɗa, alhali shi ba ya sha.

Wata Lahadi da yamma ya dawo ya tarar da ƙofa a kulle. An ɗaura masa ragar kwanciya a gindin mangwaro, ga bokiti da sabulu.

"Tsoho, yaya ƙafar Fulgencio?"

"Da sauƙi, tsohuwa."

"Na ji ta da asuba. Muryarta ta ƙara dishewa."

Ya yi rantsuwa, daga baya ya ce ai zakaran ya fi shi lafiya. Ta ce wancan karon ma lafiyarsa ƙalau, amma waɗanda yake dambe da su fa, wa ya san gidajen da suka fito? Tun daga ranar, in ya je dandali sai ya kwana a waje har tsakiyar mako, tana miƙa masa dakakkiyar ayaba ta saman shinge, masu wucewa suna tambayarsa yaya zaman haya.

Wata safiya muryar ba ta taso ba. Evaristo, daga cikin ragarsa, ya ce an kashe zakaran a faɗa, ya kuma rantse ya bar dandali. Idonsa ya yi ja. Ta ba shi kofi, amma ba ta taɓa ƙofa ba. Faɗa ne ya kashe shi, ko ciwo?

Kullum sai ta gangara bakin rafi, ba ta tsallakawa, ta tsaya tana hangen kajin Fulgencio suna tonon ƙasa, ko za ta ga mai karkata wuya. Mako ya shuɗe, wani ya biyo, duk suna tsaye.

Sannan ta zare sakata.

"Shigo, tsoho. Tsoma ƙafa." Ya tsoma. "Ɗayar ma."